Me ya sa sulen zinare guda na Danmak ya kai Yuro miliyan 1.2?

A watan Satumban 2024, a birnin Kofenhagen, an sayar da wani sulen zinare da aka buga a 1496, zamanin Sarki Hans na Danmak, a kan Yuro miliyan 1.2. Da a awon maƙera za a ɗora shi, zinaren da ke jikinsa ba zai kai ko kusa da wannan kuɗi ba. To, me masu saye suka biya?

Sulen ya fito ne daga taskar Lars Emil Bruun, attajirin da ya yi arziki da fataucin man shanu, ya kuma tara sulalla da lambobin yabo da takardun kuɗi kimanin 20,000. Ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta tsorata shi, don haka kafin rasuwarsa a 1923 ya bar wasiyya cewa a ajiye tarin shekara 100, ya zama madadin na ƙasa idan wuta ko yaƙi ya cinye shi. Da wa'adin ya cika lafiya, sai magada suka miƙa wa kamfanin Stack's Bowers ya yi gwanjonsa. Zangon farko kaɗai ya tara kusan Yuro miliyan 15.

Abu uku ne ke yanke farashi a wannan kasuwa. Na farko ƙaranci: sulen Sarki Hans na cikin zinaren farko da Danmak ta buga, kuma 'yan kaɗan ne suka rage. Na biyu lafiyar sule, domin gogewa ko wankewa na zubar da darajarsa. Na uku asali, wato sanin hannayen da ya bi. Kayan da suka shekara 100 a kulle da cikakken lissafi ba sa barin ƙofar zargin jabu.

Akwai kuma tarihin da ke jikin ƙarfen. Wasu sulallan Danmak na ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 da zinaren gaɓar Ghana ta yau aka buga su, har suna ɗauke da hoton gidan Christiansborg da ke Akra, inda aka yi cinikin zinare da bayi kafin Danmak ta sayar wa Ingila da shi a 1850.

Saboda haka, duk wanda tsohon sule ya faɗo hannunsa, kada ya yi gaggawar kai shi wuta ko ya goge shi. Ya fara neman masani ya tantance masa, domin abin da aka narkar, tarihinsa ya tafi ke nan.