Bugun gaba da baya: a gwada takarda guda kafin a buga ɗari

Duk wanda ke bin hanyar Birnin Ƙonni zuwa Illelar Najeriya, ko yake lodin albasa daga Galmi, ko yake sayen bisashe a kasuwar Badagishiri, ya san cewa a yau kasuwa ba ta tafiya sai da takarda. Ga kofin katin ɗan ƙasa, ga takardun duwan, ga yarjejeniyar hayar shago, ga takardar neman rance a asusun ajiya. Iyayenmu mata na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maraɗi cikin 1991, su ma da yawansu sun koma buga dokokin ƙungiya da jerin sunayen masu zubi a kwamfuta.

Yawancin waɗannan takardu gaba da baya ake son su, wato abin da masu shagunan fotokofi ke kira rakto-barso. Dalilin a fili yake: littafi mai shafi 40 takarda 20 kawai zai ci, ƙunshin takarda 500 kuma ya ɗauki shafi 1,000. To sai dai a nan ne ake yawan yin ɓarna. A buga gaba lafiya lau, a zo baya a tarar rubutu ya yi kai ƙasa, ko shafi na 2 ya hau bayan shafi na 9, ko takarda ta maƙale a cikin inji. Mai shago ya ce laifin na'ura ne, mai takarda ya ce ba zai biya ba, ga mota tana jira a tasha. Mun ga ya dace mu warware wa masu karatu inda matsalar take, domin akasarinta ba ta buƙatar makaniki.

Baya ya fito kai ƙasa

Wannan ita ce ta fi yawa, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Idan aka zaɓi bugun gaba da baya, kwamfuta tana tambayar ta wane gefe za a juya takardar. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kwamfutocin shagunanmu har yanzu Faransanci suke yi, saboda haka ga yadda abin yake a rubuce: bords longs, wato dogon gefe, da bords courts, wato gajeren gefe. Dogon gefe shi ne buɗi irin na littafi. Gajeren gefe kuwa ɗagawa ce sama irin ta kalandar bango. Wasiƙa da yarjejeniya da duk takardar da ke tsaye dogon gefe suke so. Amma idan jadawalin lissafi ne da aka shimfiɗa a kwance, kuma ana son a buɗe shi kamar littafi, gajeren gefe za a zaɓa. Hajiya, ko ba ki iya karatun boko ba, ki ce wa yaron shago: kamar littafi nake so ta buɗe. Ya gane.

Injin da ba ya juya takarda da kansa

Ba kowace na'urar bugu ce ke da abin juya takarda a cikinta ba. Ƙananan injuna irin su HP LaserJet 1020 da P1102 da Canon LBP2900 fuska guda suke bugawa, sai mutum ya juya da hannu. A injunan HP, harafin d da ke bayan lamba, kamar M402dn, shi ne alamar cewa injin yana juyawa da kansa. Wanda zai sayi na hannu a Sakkwato ko Kano ya riƙe wannan.

Juyin hannu yana da ƙa'ida. A fara buga shafuka 1, 3, 5 zuwa ƙarshe, waɗanda kwamfuta ke kira pages impaires, a kwashe, a mayar cikin inji, sa'an nan a buga 2, 4, 6, wato pages paires. Kowane inji da yadda yake jan takarda, don haka a ɗauki takarda guda, a yi mata ƴar alama da fensir a kan kusurwa, a buga, a ga fuskar da rubutu ya hau da inda kansa ya dosa. Idan shafi na 2 ya hau bayan takardar ƙarshe, sai a zaɓi bugu daga ƙarshe zuwa farko. Idan kuma adadin shafukan mara ne, a ce 11, a zare takardar ƙarshe kafin a mayar da sauran, in ba haka ba duka za su goce. Haka ma shafi fari guda da ya ɓuya a tsakiyar aiki yana iya goce dukan abin da ke bayansa.

Wani lokaci injin yana da abin juyawar, amma wurin zaɓin ya dushe, ba ya dannuwa. Sau da yawa dalilin shi ne kwamfutar tana aiki da manhajar gama-gari, ba wadda kamfanin injin ya yi masa ba. A sa ta kamfanin, abin da masu gyara ke kira pilote, a shiga saitin injin a nuna cewa yana da abin juyawa.

Ƙura, raɓa da wuta

Injin leza da zafi yake manna garin tawada a jikin takarda, zafin da ke kusantar digiri 200. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, a ɗan lanƙwashe. Idan aka mayar da ita nan take, sai ta maƙale ko inji ya ja biyu a haɗe, kuma da zarar ya ja biyu lissafin shafuka ya rushe. A bar ta ta huce, a miƙe ta, a kaɗa gefenta da yatsa don ta rarrabu. Da hunturu ƙura tana hawa kan robobin da ke jan takarda su yi santsi. A kashe inji, a goge su da tsumma mai ɗan laima, a rufe inji da zane idan an tashi. Wanda ke kusa da masana'antar siminti ta Malbaza ko bakin babbar hanya ya fi kowa buƙatar wannan. Da damina kuwa takarda ce ke shan raɓa, don haka a bar ta cikin ƙunshinta har lokacin aiki.

Nauyin takarda ma abin dubawa ne. Mai giram 80 ita ce daidai. Wadda ta fi ta sirantaka, rubutun baya yana leƙowa gaba, lambobin kuɗi su cakuɗe. A kuma tabbatar girman da ke cikin kwamfuta A4 ne, santimita 21 da 29.7, domin wasu takardun da ake turowa ta WhatsApp an tsara su da girman Amurka, wanda ya fi gajarta.

Sai wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, shaguna suka dogara da janareta. Injin leza yana zuƙar wuta sosai sa'ad da yake ɗumama, ƙaramin janareta kan kasa ɗaukarsa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugun baya, kada a danna bugu daga farko. A share aikin da ya tsaya a layi, a ƙidaya takardun da suka fito, a ci gaba daga shafin da aka tsaya.

Kafin a biya

Game da katin ɗan ƙasa, a fara tambayar ofishin da za a kai wa, domin wasu suna son fuskokin katin biyu a kan fuska guda ta takarda, wasu kuma gaba da baya. Yarjejeniyar kuɗi ko ta haya, a sa lamba a kowane shafi, kuma ɓangarorin biyu su sa hannu ko dangwale a gaba da baya, don kada gobe wani ya ce bai ga abin da ke baya ba.

Ku kuma masu shaguna a Ƙonni da Malbaza da Illela, takarda guda ta gwaji ba asara ba ce. Rigakafi ya fi magani. Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhun gero sai ya soka ya gani. Haka ya kamata ya karɓi takardarsa, ya buɗe ta kamar littafi, ya bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sa hannu a aljihu.