Motar Da Ake Sayarwa Cikin Kwali

A ƙasar Japan, yamma da Tokyo, akwai wani birni a bakin teku ana ce da shi Shizuoka. Mutanensa tun zamanin da an san su da aikin itace, kafintoci ne da masassaƙa. Cikin shekarar 1946, bayan an ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, wani mutum mai suna Yoshio Tamiya ya kafa wurin yankan katako a can. Ba a daɗe ba gidansa ya shiga yanka 'yan jiragen ruwa na katako, ana sayar da su gunduwa-gunduwa, wanda ya saya shi zai haɗa abinsa. Da roba ta shigo ta kashe kasuwar katako, sai gidan ya bi ta, ya fid da kayansa na farko na roba a 1960. Yau mafi yawan irin kayan nan da ake yi a Japan daga lardin nan suke fitowa, don ban da Tamiya akwai Hasegawa da Aoshima da Fujimi, kowace shekara kuwa cikin watan Mayu fatake kan taru a birnin su ga sabon kaya.

Cikin motocin da gidajen nan ke kwaikwaya akwai wata wadda masu sana'ar ba su gajiya da ita, watau Datsun 240Z, wadda a Japan ake kira Fairlady Z. Kamfanin Nissan ya fito da ita a ƙarshen 1969. Mota ce ta gudu mai kujera 2 tak, mai dogon bonet, injinta silinda 6 a jere. Yutaka Katayama, shugaban Nissan a Amurka, shi ya nace a yi ta, aka kai ta can aka sayar a kan dala 3,500 da 'yan kai, alhali motocin Turai masu irin gudunta sun fi haka tsada nesa. Kafin ita, Amurkawa na ganin motar Japan abin talaka ce mai neman arha. Bayan ita suka sake magana.

To, wanda ya sayi kwalin, in ya buɗe ba zai ga mota ba. Abin da zai gani rassa ne na roba kamar ƙashin kifi, kowane reshe ɗauke da 'yan gutsattsari, kowane gutsure da lambarsa. Ga gangar jikin motar ita kaɗai, ga tayoyi 4 na roba mai taushi, ga gilasai, ga takardar bayani mai zane. A bayan kwalin an rubuta 1/24, ma'anarsa kowane inci ɗaya a jikin ƙaramar inci 24 ne a jikin babbar. Motar da tsawonta ya haura ƙafa 13 sai ta dawo kusan inci 7, ta zauna a tafin hannu. Lissafin nan shi ne sarkin aikin duka, gaba za a ga dalili.

'Yan kasuwa za su so su san inda kuɗin yake. Ba a cikin roba yake ba, robar da ke kwali ɗaya ba ta kai komai ba. Kuɗin na cikin mazubi. Ƙarfe ne ake sassaƙawa biyu, kamar ƙwarya da murfinta, a narka roba a tura ta ciki da ƙarfi, ta huce a buɗe. Sassaƙa shi na cin watanni da dukiya mai yawa, amma in ya yi kyau sai a shekara da shekaru ana zubi da shi, in kuwa an yi kuskure a awo, kuskuren zai bi kowane kwali har ranar da aka jefar da ƙarfen. Saboda haka suke tsananta awo. Shunsaku Tamiya, ɗan mai gidan, a shekarun 1970 ya sayi motar Jamus ƙirar Porsche 911, ya sa aka kwance ta ƙusa-ƙusa don a auna abin da ido ba ya kai wa daga waje. Da aka gama awo aka rasa mai mai da ita, sai da aka kira makanikan dillalin motar.

Mai haɗawa kayan aikinsa kaɗan ne: ɗan almakashi mai kaifi, da aska, da hantsaki, da takarda mai yashi irin ta kafintoci amma mai laushi ƙwarai, da buroshi, da gam. Ba a karya gutsure daga reshe da hannu, yanke shi ake yi nesa kaɗan, sa'an nan a fere saura da aska. Inda ƙarafan mazubi biyu suka haɗu sukan bar wani siririn layi a jikin roba, wanda babu shi a motar gaskiya, sai an kankare shi. Sa'an nan a gwada kowane abu a mazauninsa ba tare da gam ba, a cire, a sake gwadawa.

Dalilin wannan jinkiri shi ne gam ɗin. Sunansa kawai gam, amma ba liƙi yake yi kamar ƙaro ba. Ruwa ne mai narka fuskar roba, gutsure biyu su narke cikin juna, in ya bushe sun zama abu guda. Wanda ya kafa sitiyari a karkace ba shi da hanyar komawa sai yanka. Wanda ya taɓa jikin motar da yatsa mai gam, zanen yatsansa ya zauna ke nan. Gilashi kuwa ba a kusantarsa da shi ko kaɗan, don yakan dushe, sai a nemi farin gam na ruwa. Abubuwan da aka shafa wa ƙyalli, kamar bamba, sai an kankare ƙyallin a wurin haɗi, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Aiki daga ciki yake farawa, inji da kafireto da salansa, sa'an nan kujeru, gangar jiki ce ƙarshe. Da yawa daga abin da aka wahala a kansa za a rufe shi, ba mai sake ganinsa. Gwanaye duk da haka ba su tsallake shi.

Fenti shi ne inda lissafin nan na 24 ke kama mai gaggawa. Fentin da kaurinsa ya kai na farce a jikin ƙaramar, a jikin babbar kusan rabin inci ke nan, ya cike tsagar ƙofa, ya binne hannunta, mota ta koma kamar an sassaƙa ta da sabulu. Silin gashi ɗaya in ya faɗa ya zama waya, ƙwayar ƙura ta zama tsakuwa. Don haka ake fesa shi sama-sama, a bari ya bushe, a sake, sau 3 ko 4, a kife kwali a kai saboda ƙura, a kuma buɗe taga, gama warinsa na cutar da ƙirji. Bayan kwanaki a goge har ya ɗauki ido. Lambobi da tambari a kan wata takarda suke zuwa, a tsoma ta a ruwa, su saki, a zame su zuwa wurinsu da buroshi, sun fi fatar albasa rauni.

Saura tambaya guda wadda takardar bayani ba ta yanke wa kowa, ita ce wace motar ake kwafa? Mai kwafar littafi ya san ba a gauraya kofe biyu a shafi ɗaya, haka nan a nan. Ta Japan sitiyarinta a dama yake, madubanta a can gaba kusa da fitilu, ta farkon kuma injinta lita 2 ne saboda haraji. Ta Amurka sitiyari a hagu, inji lita 2.4. Wanda ya ɗauki wannan daga nan, wancan daga can, ya yi motar da ba a taɓa ƙerawa ba, kome kyanta.

Akwai kuma ta uku. A 1971 Edgar Herrmann da Hans Schüller suka ci tseren Safari na Afirka ta Gabas da 240Z mai lamba 11, ja mai baƙin bonet, tafiyar fiye da mil 3,000 cikin ƙura da taɓo. A 1973 Shekhar Mehta ya sake ci da irinta. Tamiya da Hasegawa duk sun yi motar Safari a kwali, nan kuwa masu haɗawa suka rabu biyu. Waɗansu na gama ta fes, kamar ranar da ta tashi. Waɗansu kuwa, bayan makonni suna gugar fenti, sai su ɗumama roba su lotsa gefenta, su kwaɓa jan gari su yarfa mata har gilashi, su bar inda waifa ta share kaɗai. Na biyun sun fi hujja, gama ita mai lamba 11 tana nan ajiye a ma'ajin motocin Nissan a Zama, da aka gyara ta ma ba a miƙe lotsattsun wuraren ba.