Mantuwa ce ko rashin karatu? Matsalar gwajin ƙwaƙwalwar tsofaffi masu jin Sifaniyanci a Amurka

Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa mutum sama da miliyan 62 a Amurka 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma da yawa daga cikin tsofaffinsu Sifaniyanci suka fi ji. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce haɗarin kamuwarsu da ciwon mantuwa, wanda Bahaushe kan kira gigin tsufa, ya kai ninki ɗaya da rabi na takwarorinsu farar fata. Ciwon suga da hawan jini, waɗanda suka yi musu yawa, na cikin dalilan. Duk da haka, sau da yawa ba a gano ciwon a jikinsu sai ya yi nisa.

Wanda ya fi dacewa ya fara lura shi ne likitan asibitin matakin farko, wanda tsoho ke zuwa wajensa awon jini da karɓar magani. Tun 2011, shirin inshorar lafiya na Medicare ya sa duba ƙwaƙwalwa cikin ziyarar shekara-shekara ta tsofaffi. Amma da wane ma'auni za a auna?

Gwajin da ya fi shahara shi ne MMSE, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, mai maki 30. A ciki ana cewa mutum ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, ko ya jero haruffan wata kalma daga ƙarshe zuwa farko, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Sai MoCA, na Ziad Nasreddine na Montreal, wanda aka wallafa a 2005. Shi ma maki 30 ne, kuma an fi ɗaukar ƙasa da 26 a matsayin alamar matsala.

To, ka ɗauko dattijuwar da ta tashi a ƙauyen Meziko ko Gwatamala, ta yi aji biyu ko uku a firamare ta koma gona. Ta san kuɗin cefanenta har sisi, ta san ranar haihuwar kowane jika. Ka miƙa mata biro ka ce ta zana akwati mai kusurwa, ko ta haɗa lambobi da haruffa bi da bi, za ta iya faɗuwa alhali ƙwaƙwalwarta garau take. Abin da gwajin ya auna a nan shi ne zaman aji. MoCA yana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma maki ɗaya ba ya cike tazarar mai shekara 2 a makaranta da mai 11.

Fassara kaɗai ma ba ta raba gardama. MMSE na tambayar wane yanayi ake ciki na shekara, yana nufin yanayi huɗu na ƙasashen sanyi, alhali mutumin da ya tashi a Kyuba damina da rani ya sani, kamar mu. Kalmomin Sifaniyanci ma sun bambanta tsakanin Meziko da tsibiran Karebiyan. Idan kuma jika ne ke yin tafinta, tausayi kan sa ya gyara wa kakarsa amsa.

Kuskuren yana da fuska biyu. Ana iya laƙaba wa lafiyayye ciwon mantuwa, iyali su shiga tashin hankali. Ana kuma iya cewa "ai ba ta jin Turanci ne", a sallami wadda ciwon ya fara kamawa.

Shi ya sa masana suka koma ga gwaje-gwajen da ba su dogara da boko sosai ba. Mini-Cog, na Soo Borson a 2000, minti uku yake ɗauka: a faɗa wa mutum kalma uku, ya zana agogo, sannan ya maimaito kalmomin. Akwai MoCA-Basic da aka tsara don masu ƙarancin karatu. Akwai kuma AD8, tambayoyi takwas da ake yi wa ɗan'uwa na kusa: shin ta fara maimaita magana, ko rikicewa wajen lissafin kuɗi, saɓanin yadda take a da? Wannan yana auna canji ne, wato ana kwatanta mutum da kansa.

A sani cewa tantancewa ba hukunci ba ce. A 2020, kwamitin ƙwararru kan rigakafin cututtuka na Amurka ya ce hujja ba ta kai a ce a riƙa gwada duk tsohon da bai nuna wata alama ba. Amma idan shi ko iyalinsa sun yi ƙorafi, bincike ya zama dole, domin ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod, ciwon damuwa, raunin ji da wasu magungunan barci duk suna kawo mantuwa, kuma ana maganinsu. Ko da Alzheimer ce, sababbin magunguna irin su lecanemab, wanda aka amince da shi a 2023, masu matakin farko kaɗai ake ba. Gano ciwon da wuri yana kuma ba tsoho damar faɗin yadda yake so a kula da shi da dukiyarsa tun yana cikin hayyacinsa.