Jan Ƙarfe Da Azurfa: Hanyar Tsare Ruwan Asibiti

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ƙasar Birnin Gwari, inda ƙauyukan dajin Kamuku ke kawo marasa lafiyarsu cikin gari, ruwan asibiti yakan kwana a tanki saboda ɗaukewar lantarki, ya kuma wuni cikin rana. Ruwan da ya daɗe tsaye da ɗumi kuwa, shi ne mazaunin wata ƙwayar cuta da ake kira Lajinela.

An san wannan ƙwaya ne bayan 1976, lokacin da zazzaɓin huhu ya kama mutum 221 a birnin Filadalfiya na Amurka, a wajen taron tsofaffin sojoji, 34 suka rasu. A 1977 Joseph McDade ya gano ta. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45, tana ɓuya cikin yauƙin da ke manne wa bututu, inda kulorin ba ya isa gare ta sosai. Mutum yakan shaƙe ta cikin feshin ruwan wanka. Tsofaffi da waɗanda jinya ta raunana su ne ta fi yi wa illa.

Dabarar ita ce a sa sandunan jan ƙarfe da azurfa a mashigar ruwa, a tura musu lantarki kaɗan. Sai su saki ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda ke huda bangon ƙwayar, ya kashe ta. Akan nemi jan ƙarfe miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowace lita, azurfa kuwa 0.02 zuwa 0.04. An buga sakamakon gwajinta a wani asibiti na Fitsbag a 1994, kuma zafin ruwa ba ya karya ƙarfinta kamar yadda yake yi wa kulorin.

Amma na'urar tana bukatar wuta ba yankewa, da kankare sandunan, da awon ruwa a kai a kai, domin ruwa mai kanwa-kanwa yana rage aikinta. Saboda haka, kafin hukumomin lafiya su yi batun sayenta, wajibi ne a fara da wanke tankuna, a rufe su, a yi musu inuwa, kana a riƙa buɗe famfunan ɗakunan da ba kowa kowane mako.