Ganye, Giya da Gyambon Ciki

'Yan'uwa manoma, da zarar dawa ta shiga rumbu, tukwanen burkutu sukan hau murhu, mu kuma mu fara jin kukan zafin ciki a taron ƙungiya. Kwanan baya wani ɗan'uwa ya tambaye mu ko akwai ganyen da zai jiƙa ya sha kafin ya tafi gidan giya, don ya kare cikinsa. Ga abin da muka sani.

Bangon tumbi yana da wani yauƙi da ke rufe shi, kamar yaɓen da ke kare ɗaki daga ruwan sama. Giya mai ƙarfi irin ogogoro takan wanke yauƙin nan, sai ruwan tsami mai narkar da abinci ya soma cin naman. In cikin babu abinci, ɓarnar ta fi yawa.

A 1979 wani masani a Amurka, André Robert, ya ɗura wa ɓeraye barasa zalla, cikin sa'a ɗaya tumbinsu ya yi jina-jina. Tun daga nan masana suke gwada ruwan tsire-tsire ta wannan hanya. An ga ruwan ganyen zogale da na citta sun rage raunin. Garin ɗanyen agade kuma ya kare ɓeraye daga ɓarnar asfirin. Wannan ya faranta mana rai, gama duka ukun muna shuka su.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Shi sau ɗaya aka ba shi barasa, maganin kuma tatacce ne, an auna shi. Mutumin da ya shekara goma yana sha kowace ranar kasuwa, kofin zogale ba zai biya masa bashin ba. Hantarsa ma ba ta cikin lissafin.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da likitoci biyu suka gano a Ostareliya a 1982, ita ce ke jawo yawancin gyambon ciki. Maganin asibiti na kamar mako biyu ne ke kashe ta.

Ku ci zogale a miya da kwaɗo, abinci ne mai kyau. Kada mai ciwon ciki ya sha asfirin don ciwon kan bayan giya. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, kada a tsaya dafa saiwa. A kai shi asibiti a ranar, ko da kuɗin motar daga asusun ƙungiya zai fito.