Me ya sa ɗan kasuwa ya rungumi POS, ya juya wa kwamfutar shago baya?

Duk wanda ya saba shiga shagunan magani da kantunan kayan masarufi a Kano ko Kaduna ko Zariya zai lura da wani abu da ya daɗe yana ɗaure mani kai. A can lungu ga kwamfuta an lulluɓe ta da ƙyalle, ƙura ta yi mata rawani, alhali kuɗi masu kauri aka zuba aka sayo ta domin lissafin kaya da ciniki. A gefe guda kuma ga 'yar ƙaramar na'urar POS a hannun yaron shago, tun safe har rufewa ba ta hutawa. Dukansu biyu bayanai suke sarrafawa, kuma mutum ɗaya ne ya saye su. To, me ya sa ya gamsu da ɗaya, ya yi watsi da ɗayar?

Amsar da mu 'yan boko muka fi saurin bayarwa ita ce ƙarancin ilmi. Ni ban yarda da ita ba. Mutumin da ke riƙe da bashin abokan ciniki hamsin a kansa, har da ranar da kowa ya ɗauki kaya, ba shi za a koya wa lissafi ba.

Masana sun daɗe da taɓo wannan batu. A 1989 wani Ba'amurke, Fred Davis, ya nuna cewa abu biyu ke sa mutum ya karɓi na'ura: ya ga tana da amfani a aikinsa, kuma ya ga ba ta da wuyar sarrafawa. A 1992 William DeLone da Ephraim McLean suka danganta gamsuwar mai amfani da ingancin na'urar da kuma ingancin bayanan da take fitarwa, sannan a 2003 suka ƙara na uku, wato ingancin hidimar da ake yi wa mai saye bayan ya biya. Wanda ya fi jan hankalina shi ne binciken da Thong da Yap da Raman suka wallafa a 1996 kan ƙananan kamfanonin Singafo, inda suka gano cewa ƙwarewar masu sayar da na'urar da masu ba da shawara daga waje ta fi goyon bayan mai kamfanin kansa tasiri. Dalilin a fili yake. Banki yana da sashe guda na injiniyoyi; mai shago ba shi da kowa sai lambar wayar wanda ya sayar masa.

Mu auna POS da wannan ma'auni. Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas tun 2012, amma shekaru suka shuɗe 'yan kasuwa na ɗari-ɗari da na'urar, domin a wancan lokaci sau da yawa sai washegari kuɗin ciniki ke shiga asusu. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuma kowa ya san irin wahalar da aka sha a farkon 2023. Wasu za su ce ai dole ce ta sa aka karɓi POS. Gaskiya ne, dole ce ta shigo da ita shago. Sai dai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris ɗin 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kuɗi suka dawo hannun jama'a, amma ba a mayar da na'urorin cikin kwali ba. Abin da ya zaunar da su shi ne kamfanoni irin su Moniepoint da OPay sun sa kuɗi na shiga nan take, na'urar na aiki da batir ko an ɗauke wuta, kuma akwai wakili a kusa wanda za a kira ya zo a kan babur.

Ita kuwa manhajar lissafin shago, galibi an tsara ta ne domin kantin da ke da farashi ɗaya a manne jikin kaya. A Kantin Kwari kuwa turmin atamfa ɗaya na iya fita a farashi uku kafin azahar, gwargwadon wanda ya taya da yawan abin da ya sara. Ana shigo da kaya a dila ko buhu ko katan, a sayar a yadi ko kwano ko ɗai-ɗai. Ina gurbin la'adar dillali? Ina na gyara? Uwa-uba, ina na bashi? Kasuwancinmu a kan amana yake tafiya: mutum ya zo daga Maraɗi ko Gashuwa ya ɗauki kaya, ya ba da rabi, ya turo wani abu bayan mako biyu, ya ƙara ɗaukar wasu kafin ya cika na farko. Manhajar da ba ta iya riƙe wannan ba, ko ta riƙe shi amma sai an latsa wuri bakwai cikin Turanci, za ta bar tsohon littafin bashi a kan kanta. Da zarar kuwa lissafi ya rabu gida biyu, rabi a littafi rabi a kwamfuta, abin da kwamfutar ke nunawa ya daina zama gaskiya. Ranar da ta ce saura katan goma a sito aka je aka tarar da uku, daga ranar maigida ya gama da ita.

Akwai kuma abin da masu sayar da waɗannan na'urori ba su cika lura da shi ba: masu amfani biyu ne a shago, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Maigida ne ya biya, yana son ya san abin da ya shiga da abin da ya fita ko yana Dubai ko Guangzhou wajen sari. Yaron shago ne zai shigar da bayanan, ga layin masu saye suna jira, ga shi kuma yana kallon na'urar a matsayin ɗan sandan da aka girke masa. Idan ba ta rage masa wahala ko ɗaya ba, misali ta sauƙaƙa masa haɗa lissafin yamma ko ta wanke shi ranar da kuɗi suka ɓace, zai ce ta lalace, kuma ba mai iya ƙaryata shi tunda maigidan bai taɓa zama a gabanta ba.

Shawarata ga matasanmu da ke fitowa daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna rubuta manhajoji ita ce su zauna wata guda a shago kafin su rubuta komai, su yi ta cikin Hausa, a kan wayar hannu, kuma ta yi aiki ko babu sabis. Shi kuma mai saye, kada ya biya kuɗi duka a ranar farko. Ya nemi a ba shi gwaji na wata ɗaya da yaransa, a rubuta a takarda cikin awa nawa za a zo idan ta tsaya, kuma a nuna masa yadda zai kwashe bayanansa idan ya ga dama ya sauya wata.