Cajin Ababen Hawa Masu Aiki da Batir a Karkara: Nazari Daga Ƙaramar Hukumar Miga

Gabatarwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin masu sufuri ya fara karkata ga ababen hawa masu aiki da batir. A Turai da Amurka, akasarin masu irin waɗannan motoci a gida suke yi musu caji da dare. Direban Miga kuwa ba shi da wannan gata, domin wutar lantarki ba ta zama a karkarar Jigawa, wasu ƙauyukan ma ba ta kai gare su ba. Wannan maƙala ta duba hanyoyi uku da suka rage masa.

Hanyoyin Caji

Hanya ta farko ita ce tashar caji ta jama'a, irin wadda hukumar NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, a 2021, mai aiki da hasken rana. Matsalarta lokaci ne: batirin Hyundai Kona mai kilowat-awa 64 yana cin kimanin awa tara a kan na'ura mai kilowat 7, alhali mai kilowat 50 tana kai shi kashi 80 cikin ɗari a kusan awa guda, amma tana da tsadar kafawa.

Ta biyu ita ce musayar batir, inda direba zai ajiye wanda ya ƙare ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci, kamar yadda kamfanin Ampersand yake yi a Ruwanda, da Spiro a Benin da Togo. Wannan ta fi dacewa da ɗan acaɓa, wanda kowace awa ta jira asara ce gare shi, kuma batirin babur bai kai kashi ɗaya bisa goma na batirin mota ba.

Ta uku ita ce ƙaramar tashar hasken rana ta gari, a kasuwa ko tashar mota, inda ake biyan kuɗin abin da aka sha. Tsarin ba baƙo ba ne: shagon cajin waya ne aka faɗaɗa.

Kammalawa

Miga tana cikin fadamar kogin Haɗejiya, kuma ambaliyar 2022 ta nuna cewa dole a kafa kowace tasha a kan tudu, a ɗaga batura daga ƙasa, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Tunda babur ne ke kai manomin shinkafa gona da kasuwa, musayar batir da hasken rana ke ciyarwa ita ce ta fi kusa da aljihun direban Miga.